Bourn Hall: Darasi Ga Mazan Da Ke Ɗora Wa Mata Laifin Rashin Haihuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A shekarar 1980, a wani tsohon gidan sarauta da ke ƙauyen Bourn kusa da birnin Kambirij a Ingila, likita Patrick Steptoe da masanin halitta Robert Edwards da abokiyar aikinsu Jean Purdy suka buɗe asibitin farko a duniya da ya keɓanta da haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, sannan a mayar da shi mahaifa. Su ne suka yi sanadin haihuwar jaririyar farko ta wannan hanya ranar 25 ga Yuli, 1978 a garin Oldham, bayan hukumar binciken lafiya ta ƙasarsu ta hana su tallafi a 1971. A 2010 aka ba Edwards lambar Nobel. Yau waɗanda aka haifa ta wannan hanya sun haura miliyan 10.

Ayyukan asibitin sun haɗa da gwajin miji da mata, daskarar da ƙwai da maniyyi, da cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwai idan na mijin ya yi rauni. Haka nan yana amfani da maniyyi ko ƙwan wasu bare. A nan ne Musulmi zai ja birki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta aikin bisa larura tsakanin miji da matarsa, ta haramta shigar na uku, domin kare nasaba.

Ya ku 'yan'uwa matasa! Binciken likitoci ya tabbatar da cewa a kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, akwai matsala a wajen mijin. Amma a garuruwanmu wa ake kira juya? Wa ake kai wa boka, a ɗura mata jiƙe-jiƙe, a ƙarshe a miƙa mata takarda? Mijin kuwa ko ƙofar asibiti bai taɓa takawa ba. Wallahi wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaya.

Wanda Allah Ya jarrabe shi, ya fara gabatar da kansa a gwada shi, ya rufa wa iyalinsa asiri a gaban dangi, ya tambayi malamai kafin ya sa hannu a kowace takardar likita. Neman magani bai kore tawakkali ba, Mai bayarwa dai Allah ne.

Allah Ya ba mu zuriya ɗayyiba. Wassalam.