SHARHI: Damina Ta Yi Sallama, Ina Shirin 'Yan Gwarin Suleja?

Da zarar watan Oktoba ya raba, ruwan sama yakan fara ɗaukewa a ƙasar Suleja, kaka ta kankama, hunturu kuma ya biyo baya. Ga manomin doya da dawa, wannan lokaci ne na girbi da godiya. Ga mai sana'ar kayan gwari kuwa, wato tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da ganyayen miya, lokaci ne da kasuwa ke sauya fuska baki ɗaya. Kayan damina irin su ɗanyar kuɓewa da yakuwa da rama da yalo suna ja da baya, su kuwa manoman rani na Kadawa da Kura a Jihar Kano, da na fadamun Zariya da Katsina, a wannan tsakanin ne suke dashe. Daga watan Janairu manyan motoci za su fara kwararowa da kwanduna, kaya ya yi yawa har a rasa mai saye.

Kowane ɗan kasuwa ya san wannan zagaye kamar yunwar cikinsa. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi araha har wani lokaci kuɗin mota ya fi kuɗin kayan da ta ɗauko. Daga watan Mayu zuwa Agusta kuma sai ya yi ɓatan dabo, domin zafin bazara da ruwan damina da cututtukan da ke tafe da su ba sa barin shukar ta yi albarka. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a watan Yunin 2024 matsakaicin farashin kilo ɗaya na tumatir ya haura Naira 2,000, alhali a Yunin 2023 bai kai Naira 600 ba. Ra'ayinmu a nan shi ne, babbar ribar wannan sana'a tana kwance ne a tsakanin watannin araha da watannin tsada, kuma wanda zai ci ta sai ya fara shiri tun yanzu da damina ke bankwana.

Idan aka yi la'akari da inda Allah Ya ajiye Suleja, babu garin da ya fi ta cancantar cin wannan gajiya. Ita ce ainihin tsohuwar Abuja, wadda ta bar wa Babban Birnin Tarayya sunanta bayan kafa shi a 1976, ta ɗauki sabon suna daga na Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamban 1991, dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suka mayar da Suleja da Madalla wurin kwana. Hanyar Kaduna zuwa Abuja, wadda kayan gwarin Arewa ke bi, ta ratsa ta gefenta. Hanyar Minna ma nan ta haɗe. Kasuwannin Zuba da Dei-Dei kuwa tafiyar ɗan lokaci ce kawai. Ga kaya na wucewa ta ƙofa, ga kuma otal-otal da gidajen abinci da miliyoyin bakuna a maƙwabta.

Duk da haka, har yanzu yawancin 'yan gwarin wannan yanki aikinsu bai wuce saro da safe a sayar kafin yamma ba. Abin da ya kwana ya fara ruɓewa, abin da ya yi kwana uku sai juji. Masana harkar noma sun daɗe suna ƙiyasin cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana salwanta ne tsakanin gona da tukunya. Wannan asara ba daga sama take faɗowa ba. Kwandon kaba da ake cusa wa kaya har ya yi tozo, a jibga wani a kan wani, shi ke murƙushe na ƙasa tun kafin mota ta iso Tafa. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin jigila ya yi tashin gwauron zabi, ma'ana duk kwandon da ya lalace a yau yana tafiya ne da jari mai nauyi fiye da na da.

Abin da ya faru a ƙarshen watan Fabrairun 2021 ya isa darasi. Lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir ya faɗi warwas a kasuwannin Arewa, manoma da dillalai suna ji suna gani kayansu ya narke. Sana'ar da ba ta iya jure tsaikon mako guda, sana'a ce da ke tsaye da ƙafa ɗaya.

To, mene ne abin yi? Mataki na farko, wanda kuma ya fi sauƙi, shi ne sauya mazubi. Akwatunan roba masu huji da ake jerawa bisa juna suna ɗaukar nauyin da ke sama, iska kuma tana ratsa kayan. Gaskiya ne sun fi kwando tsada, kuma sai an mayar da su gona bayan an juye, amma ana yin shekaru ana amfani da su. Mai jari zai iya sayen su da yawa ya riƙa ba da haya ga 'yan kasuwa, kamar yadda ake ba da hayar kujeru da rumfuna a wajen biki. Wannan kansa sana'a ce mai zaman kanta.

Mataki na biyu shi ne sanyaya kaya. Ba sai an jira wutar lantarki ta daidaita ba, domin ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana sun riga sun shigo wasu kasuwannin ƙasar nan. Kamfanin ColdHubs, alal misali, tun 2015 yake wannan aiki, inda mai kaya ke biyan ɗan kuɗi a kan kowane akwati a kowace rana. Ga ƙananan masu tebur kuwa akwai dabarar da marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a shekarun 1990 har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa sai cikin tukunyar ya yi sanyi. Dabarar ta fi aiki idan iska ta bushe, wato daidai lokacin hunturu da bazara. Abin kunya ne a ce garin da Ladi Kwali ta yi suna a cikinsa, wadda hotonta ke kan takardar Naira 20, bai riƙi wannan fasaha ta ginin tukwane da hannu biyu ba.

Mataki na uku, wanda shi ne zai kai kayan Fabrairu zuwa watan Yuli, shi ne busarwa. Kauɗar tumatir da busasshen tattasai da busasshiyar kuɓewa ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar Hausa. Matsalar ita ce shanya a gefen titi ko a dandariyar ƙasa, inda ƙura da dabbobi ke ɓata kayan. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedkwata a Ilori, ta ƙera rumfunan shanya masu amfani da zafin rana waɗanda ke fitar da kaya fes. Wasu za su ce matan Abuja ba sa son busasshen kaya. Amsar ita ce, abin da suke gudu shi ne tsakuwa da ƙazanta. Idan aka wanke, aka yanka, aka busar cikin tsabta, aka ƙunshe a leda mai suna da lambar hukumar NAFDAC, to a watan da ɗanye ya gagari talaka da mai kuɗi, ba za a rasa masu saye ba.

Haka zalika, ba lallai ne komai sai an ɗauko daga Kano ba. Fadamun kogin Iku da na Gurara za su iya ciyar da kasuwar ganye, musamman alayyahu da latas da kabeji, waɗanda ba sa jure doguwar tafiya. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a farkon shekarun 1990 ya tabbatar da cewa da ƙaramar rijiyar burtsatse da injin ban ruwa, manomi zai yi noma sau biyu a shekara. Ɗan kasuwar da ya ba manomi iri da taki a watan Nuwamba bisa yarjejeniyar zai sayi amfanin, ya rage wa kansa kuɗin mota da fargabar hanya.

Sai dai wajibi ne a yi hattara da ɗaukar abin da ya fi ƙarfin kai. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen kaya, musamman bayan ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi a wannan shekarar. Idan babban jari ya yi tuntuɓe a nan, to mai matsakaicin ƙarfi ya fara da abin da zai iya cikawa: ɗakin sanyi ɗaya, rumfar shanya ɗaya, akwatuna ɗari kaɗan. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ƙungiyoyin 'yan gwari su yi rajista a matsayin ƙungiyoyin gama kai, su nemi rance a ƙarƙashin Asusun Lamunin Bashin Noma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka kafa a 1977, yake kuma tsaya wa bankuna har kashi 75 cikin 100 na abin da aka gaza biya.

A nata ɓangaren, Ƙaramar Hukumar Suleja da Gwamnatin Jihar Neja ba a neman su shiga saye da sayarwa. Abin da ake bukata daga gare su shi ne fili a cikin kasuwa, da ruwa mai tsabta, da rage yawan shingayen karɓar haraji a kan hanya.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Watanni biyu zuwa uku ne kacal tsakanin ɗaukewar ruwa da isowar kayan rani. Wanda ya bari sai motoci sun cika kasuwa sannan ya fara neman wurin ajiya, zai sake zubar da jarinsa a juji a watan Fabrairu, ya kuma koma yana kukan tsada a watan Yuni. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.