Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: A Gina Wurin Caji Kafin A Sayo Motar

Yau zan ɗan kauce wa hirar littattafai, in taɓo wani batu da ya shafi aljihun kowa, wato kuɗin mota. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta zarce dubu. Shi ya sa zancen motoci masu amfani da lantarki ya cika gari. To ni dai a ganina, inda gizo ke saƙar shi ne wurin da za a yi wa motar caji.

Iyayenmu fatake sun san wannan. Kafin ayari ya tashi, madugu ya riga ya san zangon da za a sauka da rijiyar da dabbobi za su sha ruwa. Tashar caji ita ce rijiyar motar lantarki.

Kuma motocin haya su ne suka fi kowa cin moriyarta. Mai motar gida zai yi 'yar zirga-zirgarsa ya ajiye, amma bas da tasi da Adaidaita Sahu wuni suke a kan titi, hanyarsu sananniya ce, wurin kwanansu ma sananne ne. Don haka wanda zai zuba jari ya san inda zai kafa na'ura, ya san mota nawa za ta zo a kullum, ya san lokacin da kuɗinsa zai dawo.

Mu duba birnin Shenzhen na ƙasar Sin. A ƙarshen 2017 suka kammala mayar da bas-bas ɗinsu na haya sama da 16,000 masu lantarki, kuma shi ne babban birni na farko a duniya da ya yi haka. Tare da motocin suka gina ɗaruruwan tashoshin caji. Mota za ta yi aikinta da rana, da dare ta koma gareji a jona ta lokacin da kuɗin wuta ya fi sauƙi, da asuba ta fito a cike.

In wani ya ce ai wannan Sin ce, to ga Kenya nan. A 2023 aka ware wa masu cajin motoci farashin wuta na musamman, wanda da dare yake komawa rabin na rana, kuma kamfanin BasiGo yana da bas-bas masu lantarki a Nairobi tun 2022. A Kigali ta Ruwanda kuwa, ɗan acaɓa ba ya zaman jiran caji. Zai shiga tashar kamfani irin Ampersand ya ba da batirin da ya ƙare, a miƙo masa cikakke, cikin 'yan mintoci ya koma neman fasinja. Abin ya zauna har daga Janairun 2025 aka daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin.

Me direba zai samu a nan? Na farko sauƙin kuɗi, domin abin da fetur ke cinyewa kafin ya haɗa balas ɗin mai mota zai ragu. Na biyu lokaci. Mai haya da ya rasa awa uku yana neman inda zai jona mota ya rasa cefanen gidansa na ranar. Na uku lafiyar batiri, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar. Cajin da aka yi da na'urar da ta dace ya fi a jawo waya daga shagon maƙwabci, inda wuta ke hawa da sauka, ga kuma haɗarin gobara. Sannan ga aikin yi ga samarinmu masu gyaran lantarki da masu kula da tashoshin.

Na san abin da mai karatu zai ce: "Malam, wutar da ba mu samu mun kunna fanka ba, ita za a ba mota?" Gaskiya ne. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, wannan ba abin dogaro ba ne. Kuma idan janareta mai shan gas za a tayar a yi caji, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amma Allah Ya hore mana rana a Arewa. Tun 2021 hukumar NADDC ta kafa tashar caji ta gwaji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma a ƙarshen 2023 gwamnatin Borno ta fito da motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Tsarin musayar batiri ma ya dace da mu, domin batiran za su sha rana a tasha yayin da keken ke can yana aiki.

Tsorona ɗaya ne. Mun sha ganin an jera sababbin motoci an yanka zare an yi tafi, bayan shekara biyu sai ka tarar da su a gareji kaji na ƙwai a ciki. Motar lantarki da ba ta da wurin caji ta fi kowace saurin shiga wannan hali, kuma talakan da ya ci bashi ya saya shi zai kwana a ciki.

Don haka ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, a fara daga tasha. A ware fili a wurare irin Unguwa Uku da Yankaba a Kano, a kafa faifan sola da na'urorin caji, a horar da masu gyara, a bayyana farashi kowa ya sani. In an yi wannan, ba sai an roƙi direba ya sauya mota ba, lissafin aljihunsa ne zai kawo shi.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.