Tsohon Gida Yana Son Lambu

A birnin Paris na ƙasar Faransa akwai wani gida mai suna Bagatel, wanda aka gina a 1777. Hukumar birnin ta saye shi a 1905, ta dasa furannin wardi a filinsa, ta buɗe ƙofa ga kowa. Fure ke kiran jama'a, idon jama'a kuwa shi ke sa a kula da gidan.

Mu ma muna da gidajen tarihi. A Birnin Damagaram ga fadar Sarki, ga gidan da Bature Barth ya sauka a ƙarshen 1852. A ƙasar Kance, har Dawce, akwai tsofaffin zaurukan sarakai da na malamai. To, a watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kada tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150. Idan ginin da ake salla cikinsa ya faɗi, ina ga zauren da aka bar wa awaki da juji?

A ganinmu, ya kamata a kewaye kowane tsohon gida da lambun jama'a. Wani zai ce: ana neman hatsi, wa ke ta fure? Yana da gaskiya, wardi mai shan ruwa ne. Saboda haka a dasa shi kaɗan, kusa da rijiya. Sauran filin a ba abin da ƙasarmu ta sani: lalle ya zama shinge, zogala da lemun tsami su cika ciki. Manoman Matamai da suka raya gawo a gonakinsu ba sai an koya musu renon itace ba.

Amma a yi hattara. Danshi da saiwa abokan gaban ginin ƙasa ne. Kada a dasa komi jikin bango, a kuma gyara hanyar ruwa.

Wa zai yi ban-ruwa? Magajin gari da maigari su damƙa lambun ga ƙungiyar mata. Kuɗin lalle da zogala a raba biyu: rabi nasu, rabi na yaɓe kafin damina.

Ranar 3 ga Agusta ake dashen itace a ƙasarmu. Bana mutanen Dawce su fara daga ƙofar tsohon zaurensu. Allah ya ba da iko.