Gawayi Ba Ya Ƙarya, Amma Sai An Bar Shi Inda Yake Kwance

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan tarihi a majalisarmu ta bakin kasuwar Tanut, sai wani ya ɗaga murya ya ce ai Nijar ce ta fara narkar da ƙarfe a duniya, Turawa da kansu sun auna a Tarmit sun tabbatar. Maganar akwai daɗin ji, kuma dutsen Tarmit a jiharmu ta Damagaram yake, gabas da mu, ta wajen Tasker. Amma ni ba na gyaɗa mata kai. Abin da aka auna ba ƙarfe ba ne, gawayi ne da tsingaro, kuma a kansu masana suka shekara da shekaru suna jayayya. Ya kamata mu mutanen Damargu mu san dalilin jayayyar, domin irin wannan gawayin yana nan kwance a kufaifanmu, ana ta watsar da shi.

Awon kansa ba shi da wuyar fahimta. Duk itacen da ke raye yana shaƙar iska, cikin iskar kuma akwai wani nau'in kabon, ɗan kaɗan ƙwarai, da ake kira kabon-14. Ranar da itacen ya mutu ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa kuma ya shiga raguwa: bayan shekara 5,730 rabi ya tafi, bayan wasu 5,730 rabin ragowar ya tafi. Idan aka auna abin da ya saura, sai a lissafa tun yaushe ya mutu. Wani Ba'amurke, Willard Libby, ya fito da dabarar a Jami'ar Chicago a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi lambar Nobel a 1960. Tana aiki har wajen shekara 50,000 baya. Ba kuma ilimin Turawa kaɗai ba ne, don Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin irin wannan awo a cibiyar IFAN ta Dakar tun cikin shekarun 1960.

To, a lura da abin da awon yake faɗa: lokacin da itace ya mutu. Bai ce komai ba a kan ranar da aka cinna masa wuta. A ƙasar damina mai yawa, inda gara da laima ke cinye mataccen itace cikin ƴan shekaru, tazarar ba ta da yawa. Mu nan fa? Duk wanda ya taɓa yin itace a dajin arewa da Tanut ya san yadda busasshen kututture ke tsayawa a rairayi, kakanka ya gan shi, kai ma ka gan shi, bai ruɓe ba. Kuma ba wanda ke sare ɗanye alhali ga busasshe a gabansa. Maƙerin dā ma haka ya yi. Idan ya haɗa gawayinsa da kututturen da ya mutu shekara dubu kafin a haife shi, na'ura za ta ba da shekarun kututturen, mai karanta sakamakon kuma ya ƙara wa maƙerin shekara dubu da bai yi ba. Ko itacen da aka sare ɗanye, in babba ne, zuciyarsa ta girmi ɓawonsa da shekaru masu yawa.

Irin wannan kuskure ya riga ya faru, a arewa da mu. Danilo Grébénart ya haƙa wurare da dama a yankin Agadas da Ingal, har da Afunfun, ya sami abubuwan da ya ɗauka murahun narkar da jan ƙarfe ne, gawayinsu ya kai wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labari ya bazu. A 1988 David Killick da abokan aikinsa suka sake duba kayan a ɗakin bincike, suka gano cewa da yawa daga cikin mafi tsufan "murahun" kututturan itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa suka gasa yumɓun da ke kewaye da su. Akwai ma murhu guda da gawayin cikinsa ya ba da shekaru masu tazarar fiye da dubu tsakaninsu. Abin da ya burge ni shi ne, sunan Grébénart yana cikin waɗanda suka sa hannu a wannan gyara.

Na Tarmit ya ɗan bambanta. Gérard Quéchon da Jean-Pierre Roset sun wallafa sakamakon farko a 1974, daga wurin narkar da tama na Do Dimmi, shekarun kuma sun faɗa cikin shekara dubu ta ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya aka tura farkon ƙarfen Tarmit zuwa wajen 1500 kafin haihuwarsa, na wani wuri da ake kira Egaro ma har ya wuce 2500, UNESCO kuma ta fitar da littafi a 2002 da ya yaɗa wannan ra'ayi. Masu suka suka ce tsofaffin shekarun daga tsingaro aka samo su, wanda aka tsinta a sarari tare da guntayen ƙarfe. A wurin da iska ke kwashe rairayi, kayan zamani uku suna iya taruwa a fuska ɗaya, kamar yadda ruwa ke tara tarkacen unguwanni daban-daban a bakin kwalbati. Kusanci bai zama shaidar cewa mutum ɗaya ya ajiye su ba. Hukuncina shi ne: an narkar da tama a Tarmit ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wannan kaɗai ya ishe mu alfahari. Cewa mun riga kowa a duniya kuwa, da sauran aiki.

Aikin da ya rage yana yiwuwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 akwai na'urar da ke auna abu ƙanƙane kamar ƙwayar hatsi. Saboda haka mai bincike mai hankali yanzu ƙonannen gero yake nema, ko ƙwallon aduwa, ko siririn reshe, abin da ya rayu damina ɗaya ko ƴan kaɗan, ko gawayin da ya maƙale a cikin kashin tama, wanda ba shakka a wutar narkarwar ya shiga. Sharaɗi ɗaya ne: a same shi a inda mai shi ya bar shi, da ƙasar da ta rufe shi.

Nan ne abin ya shafe mu. Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, na'urar neman ƙarfe ta shiga hannun samari, wanda bai dace a can ba kuma yakan dawo ya gwada sa'arsa a kufai da tsofaffin kaburbura. Na tsaya a bakin irin wannan rami a wani kufai tsakanin Tanut da Gangara. An zubar da toka gefe, an farfasa tukunya, baƙar ƙasa ta gauraye da jar ƙasa. Mai haƙar bai sami komai ba, ya tafi. Abin da ya zubar ɗin shi ne kaɗai zai iya faɗin shekarun garin. An yi irin wannan ɓarna a Bura, can yammacin ƙasa, bayan Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya haƙa wurin a 1983: ƴan kasuwar kayan tarihi suka bi maƙabartu suka yashe, har gumakan Bura suka shiga jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari na ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya a 2000.

Wani zai ce ga fari, ga tsadar hatsi, wa ke ta gawayi? Ban ce a raba kuɗin rijiya a ba masu haƙa ba. Barin kufai yadda yake ba ya cin ko dala. Kuma a dubi abin da muke da shi a rubuce: Heinrich Barth ya ratsa Damargu a Janairun 1851, a nan ya rabu da abokan tafiyarsa Richardson da Overweg, ya ga ƙasar gero da ke ciyar da Abzin. Abin da ya gabaci wannan, zaman Dagirawa, zuwan Hausawa da Abzinawa, garuruwan da suka tashi, mafi yawansa a bakin tsofaffi yake, tsofaffin kuma suna tafiya. A kudu da mu, Anne Haour ta haƙa Kufan Kanawa, wurin da ake cewa daga nan mutanen Kano suka tashi, awo ya nuna an zauna a wurin tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Labarin baka ya sami abin da za a gwada shi da shi.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram. Roƙona ga sarakuna, masu gari da hukumomin Tanut, Balbeji, Gangara da Tarka shi ne su rubuta sunayen kufaifan da ke ƙasarsu, su hana haƙa a cikinsu, su miƙa jerin ga jami'a da IRSH. Manomin da garmarsa ta tono toka da tsingaro ko kashin tama kuwa, ya mayar da ƙasa ya rufe, ya sa alama, ya gaya wa mai gari.