Bahon Jariri da Abin da Ake Zubawa a Ciki

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ta Jihar Sakkwato ke ci, ba shanu da raƙuma kaɗai ke sauya hannu ba. Daga Tozai, Kalmalo, Araba da Gidan Hamma, magidanta kan shigo da jerin sayayyar haihuwa a aljihu, kuma abin da ke saman jerin shi ne saitin wanka: baho shuɗi ko mai ruwan hoda, da bokitinsa, da kwandon kaya, da fo, da gidan sabulu. Sai kuma kwali mai sheƙi ɗauke da sabulu, mai, hoda da turare. Wannan saitin ne 'yan barka za su leƙa, da shi kuma za a auna ƙoƙarin uban jariri.

Matsalar ita ce kuɗin na tafiya ne inda ido yake, alhali lafiyar jaririn tana wani wajen.

Shi bahon ba shi da wani sirri. Ya kasance mai faɗi, marar zurfi, gindinsa na zama daram a ƙasa, bakinsa ba kaifi ko tsagewar da za ta yanki fata. Roba mai kauri ta fi daron ƙarfe, domin ƙarfe na ɗaukar zafi ya ƙona cinya kafin mai wankan ta ankara. Sharaɗi mafi girma kuwa kyauta ne: bahon ya zama na jariri shi kaɗai, ba wanda za a jiƙa wanki ko a wanke kwanuka a ciki da rana ba. Kakannin da suka yi wa 'ya'ya goma wanka a bisa ƙafafunsu, da ƙwarya a gefe, ba su rasa komai ba don ba su mallaki saiti mai launi ba.

Abin da ake zubawa a ciki ya fi bahon muhimmanci. A ƙasar Hausa ruwan jego ruwan zafi ne, kuma hannun da ya saba da tafasasshen ruwan wankan uwa ba abin dogaro ba ne wajen auna na ɗa. Fatar sabon haihuwa ta fi ta babba siranta nesa ba kusa ba. Ruwansa bai kamata ya wuce ɗumin jiki ba, wajen digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyos. A fara zuba na sanyi, a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a jinkirta wankan farko har sai an yi awa 24 da haihuwa, in kuma al'ada ta matsa, to aƙalla awa 6. Farin maiƙon nan da ake gaggawar dirje wa jariri don kada ya yi ƙarni, kariya ce ga fatarsa. A sanyin hunturu na Disamba da Janairu, wankan asuba a tsakar gida na iya zuƙe wa ɗan kwana biyu ɗumin jikinsa gaba ɗaya. Kuma ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa jariri ya nutse, in aka bar shi don a je a sauke tukunya.

Zama a bakin iyaka kuma yana da nasa sha'anin. Tsakanin Illela da Birnin Kwanni kaya na kai da komowa dare da rana, wasu da rubutun Faransanci, wasu da na Sin, wasu ko ranar lalacewa babu. Hoton farin jariri mai kumatu a jikin kwalba ba shaida ba ne. Lambar rajistar NAFDAC ita ce abin fara dubawa, ko da yake ita ma akan buga ta jabu. Duk man da ke alƙawarin sa yaro ya yi haske, a mayar wa mai shago abinsa. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana dokar ta-ɓaci kan bilicin, kuma a 2025 BBC ta ba da rahoto daga Kano kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan yara irin waɗannan mayukan har fata ta ƙone. Sabulun kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin wari shi ma ba na jariri ba ne. Sabulu marar turare, kaɗan, ba kullum ba, sai man kaɗe mai tsabta ko basilin: sun wadatar.

Hoda ita ce tauraruwar kwalin, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani. Ƙurarta na shiga huhu. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da hodarsa ta garin dutsen talki a Amurka da Kanada a 2020, sannan a duniya baki ɗaya a 2023, bayan dubban ƙararraki a kotu. Mafi haɗari ita ce hoda mai yaji da man zafi, da kuma kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri. Yara da yawa a Najeriya, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD. Irin waɗannan kayan na farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta taso, wani lokaci har ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Abin mamaki, kayan da ya fi cancantar shiga jerin ba ya cikin kowane saiti, kuma Sakkwatawa ne suka fi kowa haƙƙin saninsa. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, Jihar Sakkwato ce ta fara a Najeriya wajen raba man cibiya na kulohekzidin gida-gida, tare da ƙwayar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kafin gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a faɗin ƙasa a 2016. A yankin da galibin haihuwa a ɗaki ake yi, a hannun ungozoma, an kawo ɗan bututun nan ne don ya maye gurbin gashin cibiya da tsumma, da toka, da makilin, hanyoyin da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini. Ana shafa shi a cibiya ne kawai. An samu jariran da suka makance saboda an ɗiga musu na ruwa a ido bisa zaton maganin ido ne.

Sai dai mai jego ba ita ke yanke hukuncin wankan ɗanta ba, balle in haihuwar fari ce. Miji ke zuwa kasuwa, kaka ko gwaggo ke riƙe da soso. Ma'aikatan lafiya da ke yi wa masu awon ciki bayani a asibitocin Ƙaramar Hukumar Illela suna magana ne da wadda ba ta sayayya, ba ta kuma wankan. Bayanin nan ya kamata ya kai ga majalisar maza bayan sallar la'asar, da zauren mai unguwa a Tozai, da kuma teburan masu sayar da kayan jarirai, waɗanda ba abin da zai hana su ajiye bututun man cibiya kusa da baho.