Wasiƙa Zuwa Ga Kafintocin Rufi Na Lafia, Kafin Hadarin Fari

Iyayen gidana da ƙannena masu hawa saman gini. 

Ga Fabrairu ta kama, hazo ya fara janyewa, zafi na ƙaratowa. Kun fi ni sanin cewa a Lafia iskar da ke rako hadarin fari, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, ita ce ke yaye rufi. Ta taso daga gabas da ƙurarta, kafin ɗigon ruwa ya sauka ta gama aikinta, gari ya waye a ga kwano rataye a wayar wutar AEDC, a Tudun Gwandara ne ko Bukan Sidi ko Shabu. Jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha, NASEMA, su zo ƙirga asara, ku kuma kasuwarku ta buɗe. Roƙona ku ci wannan kasuwa tun yanzu, kuna duba rufin mutane yana kan bangonsa.

Iska zuƙo rufi take yi sama, kuma ta baki da kusurwa take fara kamawa. Shi ya sa rufin da ya tashi ɗungurungum da raftocinsa ke tona asirin wanda ya ɗaura shi. Sau da yawa katakon da ke kwance kan bango ɗora shi kawai aka yi, ko aka ɗaure da 'yar waya wadda tsatsa ta cinye tun bara waccan. A binne rodi ko langa-langa cikin linta, a naɗe shi kan katakon, a buge da ƙusa, kuma a matse tazarar ɗauri a kusurwoyi. In kuwa kwanon ne ya tafi ya bar katako, ƙusa ce ta gaza. Ƙusa mai hula a tudun kwano take zama, a ƙara yawanta a layin baki. Wadda aka buga a kwarin da ruwa ke bi, yoyo aka shuka wa mai gida.

Sai gara. Ku shiga cikin silin da tocila, ku soka sukundireba a gindin kowace rafta, inda ta haɗu da bango. In ta shige ba gardama, katakon nan sai fata, fenti kuma ba zai tashe shi ba. Ɗanyen katakon malaina da aka buga da damina ya bushe da hunturu ya motse, ƙusoshinsa sun saki. Baƙin mai ko Solignum kafin a hau da katako ake shafa shi, har kan yanka.

Na san uzurinku: mai gida ne ya matse hannu. Gaskiya ne. Tun da Lafia ta zama babban birnin jiha a 1996, balle da jami'ar tarayya ta zo a 2011, ɗakunan haya ke tashi a gaggauce wajen Gandu da Akunza, kowa na son a rufe masa kafin ɗalibai su dawo. Amma in alhaji ya sauke bandir ɗin kwano mai laushi kamar takardar biredi, ku faɗa masa a gaban shaida. Ranar da rufin ya tashi, sunan kafinta ake tambaya a unguwa.

Kuna sama ɗin, ku share indararo, ku toshe hujin da masu dasa sola da dish suka bari, ku nuna wa mai gida reshen mangwaron da ya kwanto kan ɗaki. Matan gida ku tambaye su inda aka tara bokiti bara. Su suka san wurin yoyo.

Maganar ƙarshe ta yaran shago ce, kuma ita ta fi damuna. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, da silifas, yana miƙa dogon kwano kusa da wayar wuta. Don Allah, oga, in waya ta ratsa kusa da rufi, a sa a kashe layin kafin kowa ya hau. A ɗaure tsani, a taka kan layin ƙusa inda katako ke ƙasa, kada a hau kwano da raɓar safe. Da zarar gabas ta yi baƙi, ku sauko da yaran nan, aikin ya kwana.

Allah ya tsare hawa da sauka. Wassalam.