Ajiyar da Ba a Cire wa Haraji: Wa Take Amfana a Cikinmu?

Mu da muke shekarar ƙarshe, nan da 'yan watanni za a sallame mu. Wasu za su tafi koyon aiki, wasu bautar ƙasa, wasu kuma shago ko gona. Duk inda mutum ya faɗa, da zarar 'yan kuɗi sun fara shiga aljihunsa zai haɗu da wakilin kamfanin fansho ko na banki riƙe da fom, yana ce masa: “Zuba a nan, gwamnati ba ta cire haraji.” Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ra'ayina shi ne, wannan rangwamen bai kai yadda ake zuzuta shi ba ga irinmu. Ya kamata mu buɗe asusun, amma mu san don me muka buɗe.

Dabarar ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. Gwamnati tana so mutane su yi tanadi, sai ta ce duk wanda ya ajiye kuɗinsa a wani keɓaɓɓen asusu ta yafe masa haraji. A Ingila suna da ISA tun 1999, inda mutum zai iya zuba har fam 20,000 a shekara ba a taɓa ribarsa ba. Kanada ta fito da nata a 2009, Afirka ta Kudu a 2015. Yafewar iri biyu ce: ko dai a ƙyale kuɗin da ka zuba kada a lissafa su cikin abin da za a caje ka haraji, ko kuma a ƙyale ribar da suka haifa.

A Najeriya babu asusu guda mai wannan suna, amma akwai ƙofofi da suke yin aikin.

Ta farko ita ce asusun fansho. Dokar 2004 ce ta kawo shi, aka sabunta ta a 2014. Ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ana fitar da wannan kaso kafin a lissafa haraji, kuma idan lokacin karɓar fansho ya yi ba a cire komai. Mutum yana iya ƙara wani abu a kai don ganin damarsa. Sharaɗin shi ne, in ya janye ƙarin kafin shekara biyar, za a caji ribar haraji. Hukumar PenCom ce ke sa ido. Kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, an yi haka ne don kada a bai wa kura ajiyar nama. In kamfaninka bai yi maka ba, tun daga 2020 kana da damar komawa wani sau ɗaya a shekara.

Ta biyu ita ce ta masu sana'ar kansu: tela, mai walda, mai POS, mai ɗinki a cikin gida, manomi. A watan Maris na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho saboda su. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya shiga, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum, ko mako-mako, ko wata-wata. Yadda aka fara tsarin, kashi 40 mutum yana iya ɗauka in buƙata ta taso, kashi 60 kuma an kulle sai ya kai shekara 50.

Ta uku ita ce takardun bashin gwamnatin tarayya. Ofishin kula da basussuka, DMO, ya fara sayar da takardar tanadi ta ƙananan masu zuba jari a Maris 2017. Da naira 5,000 ana shiga, wa'adinta shekara biyu ko uku, ana biyan riba duk bayan wata uku. Idan ka kulle kuɗi a banki ana cire kashi 10 daga ribarka kafin ta iso hannunka. A nan ba a cirewa. Amma fa kuɗin ruwa ne, kuma da yawa daga cikinmu ba za su taɓa ba. Don haka ne Sukuk yake da muhimmanci. A Satumba 2017 aka fitar da na farko, na naira biliyan 100, aka raba kuɗin a kan hanyoyi 25 a faɗin ƙasa, ciki har da aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina, wadda mu 'yan Yashe muke bakinta. Mai Sukuk kuɗin haya ake biyan sa, ba ruwa ba, da naira 10,000 ana shiga, shi ma babu haraji. A ɓangaren fansho kuma, tun 2021 akwai asusu na shida wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Sai ka nema ake mayar da kai can.

To, ina matsalar take?

Mu yi lissafi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa miliyan uku kashi 15 ne. Can ƙololuwa, abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Yanzu ɗauki mutum uku, kowanne ya zuba naira 10,000 duk wata a fansho, wato 120,000 a shekara. Babban mai albashin da ke ƙololuwa ya tsira da naira 30,000 da da ta tafi haraji. Mai albashin 200,000 a wata ya tsira da 18,000. Mai gyaran waya da abin da yake samu a shekara bai kai 800,000 ba, nawa ya tsira da shi? Ko sisi. Dama can ba a bin sa haraji, me za a yafe masa? An yi wa mai azumi alkawarin ba za a taɓa masa abincin rana ba.

Wannan shi ne abin da mai fom ba zai tsaya ya warware maka ba. Rangwamen haraji yana bin girman albashi ne: mai yawa ya samu da yawa, marar shi ya tashi a tutar babu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a shekarun farko bayan kammala difloma yawancinmu a sahun mai gyaran waya za mu tsaya. Haka iyayenmu a Yashe da Kusada da Kankiya, masu noman gero da dawa da wake.

Abu na biyu, ɓarawon da ya fi haraji hannu shi ne hauhawar farashi. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8. Ma'ana, wanda ya ajiye naira 100,000 a farkon shekarar, sai ta zama kusan 135,000 kafin ta sayi abin da take saya da. A wannan shekarar ribar takardar tanadin gwamnati ba ta kai kashi 20 ba. An ƙyale maka haraji, amma kuɗinka sun rame suna kwance. Don haka idan dattijo a garinmu ya ce shi tunkiya zai saya ko ya zuba buhun wake a ɗaki, kada wani ɗan boko ya yi masa kallon wanda bai waye ba. Lissafinsa ya yi.

Wani zai ce, to ai ka kashe maganar da bakinka, a bar asusun mana. A'a, malam. Tunkiya tana mutuwa, ana kuma sace ta. Mu a Jihar Katsina ba sai an ba mu labarin satar dabbobi ba. Wake yana yin ƙwari. Waɗanda suka tara hatsi da tsada suna jiran ya ƙara tashi sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Adashe yana da daɗi har ranar da uwar adashe ta shiga matsala. Sannan akwai abin da duk muka sani ba ma so mu faɗa: kuɗin da ke kusa da hannu ba sa kwana. Yau biki, gobe suna, jibi aboki ya zo da “ranta mini zuwa ƙarshen wata”. Ragon da ka ɗaure don gaba, kowa a gidan yana ganin sa. Kuɗin da doka ta kulle kuwa, ko kai ba ka isa ka taɓa su ba, balle mai roƙo. A ganina wannan kullewar ita ce ainihin amfanin asusun ga matashi, tare da tsawon lokaci. Mai shekara 22 yana da shekara 28 kafin ya kai 50, riba tana hawa kan riba. Wanda ya fara yana da 40 da wuya ya kamo shi, sai in ya fi shi zubi nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka zuba duk abin da kake da shi wuri guda. Jarin sana'arka da kuɗin ko-ta-kwana su zauna inda hannunka zai kai. Abin da za ka iya mantawa da shi, ko dubu biyu ne a wata, shi za ka kai asusun da aka kulle. Kafin ka sa hannu a kowane fom, yi tambaya uku: Nawa zan iya cirewa, kuma yaushe? Nawa kuke yanka na ladan aikinku? A ina kuke juya kuɗin, da ruwa ko babu? Ka duba sunan kamfanin a jerin waɗanda PenCom ta ba lasisi, dillalin takardun gwamnati kuma a jerin DMO. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, ka tuna da MMM a 2016. In ka samu aiki, riƙa duba saƙon da ke shigowa daga kamfanin fanshonka, domin akwai masu cire kason ma'aikaci su ƙi turawa. 'Yan uwa mata, maganar nan har da ku: asusu da sunanki, da lambarki, naki ne ke kaɗai, aure ko sauyin gari ba ya taɓa shi.

Ita kuma gwamnati, in da gaske take tana so talaka ya yi tanadi, yafe harajin da dama ba ya biya ba zai jawo shi ba. Hanyar da ta fi ita ce ta ɗora masa wani abu a kan abin da ya zuba. An gwada a wasu wurare. A Ingila akwai tsarin Help to Save na masu ƙaramin ƙarfi tun 2018, inda gwamnati ke ƙara rabin abin da mutum ya tara. Ruwanda ma, ƙasar Afirka irin tamu, tana ƙara wa masu ƙaramin ƙarfi a tsarinta na Ejo Heza. Da a ce mai sayar da ƙosai a tashar Yashe ta san in ta zuba ɗari biyar za a ɗora mata ko da ɗari ɗaya ne, wallahi ba sai an yi mata talla a rediyo ba. Harajin da ake yafe wa manyan ma'aikata ai kuɗi ne da baitulmali ya haƙura da su. In ana iya haƙura da 30,000 saboda mai miliyoyi, bai kamata a ce babu abin da za a ɗora wa mai ƙosai ba.

A ƙarshe ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: kafin a yaye mu, a shirya zama guda a gayyato jami'an PenCom, da malamanmu na sashen akanta da harkar banki, da malamin addini da ya san mu'amalar kuɗi, a buɗe fili mu yi tambaya da Hausa. Kuɗin da ake kashewa a shagalin makon ɗalibai ya isa ya ɗauki nauyin wannan har ya yi saura. Mun yi shekaru muna lissafin kuɗin kamfanonin da ke cikin littafi, ya kamata mu fita mun iya lissafin namu.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a abin da za mu samu.